Shiga ruwan ƙanƙara bayan gudu: yana sauke tsamin jiki da gaske, kuma yaya ake haɗa shi a Kaduna?

Ɗan Malali:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga kociyoyi da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure ce. Mutumin da ke gudun kilomita 10 sau uku a mako, ranar Asabar kuma ya yi dogon zango na kilomita 18 zuwa 20, cinyoyinsa da sha-raɓarsa su yi tsami har Litinin, shin shiga ruwan ƙanƙara zai rage masa? Muna ganin 'yan ƙwallon Turai suna shiga da zarar an tashi wasa. Nan gida kuwa manya cewa suke kada a zuba wa jiki mai zafi ruwan sanyi, wai sanyi zai shiga ƙashi, wasu har shanyewar ɓarin jiki suke ambatawa.

A taimaka da bayani dalla-dalla. Sanyin ruwan ya kai nawa, minti nawa ake yi, nan take ake shiga ko sai an huta? Ƙanƙara nawa za a saya, ganin yadda wuta take a garin nan? Sannan wankan bokiti da ruwan randa bai wadatar ba? Allah ya saka da alheri.

Kocin Tsere:

Wa alaikumus salam Malam. Yana ragewa, amma a san abin da yake ragewa. Tsamin da ke tasowa washegari, ya yi ƙamari tsakanin awa 24 zuwa 72, daga ƙananan yagewa yake zuwa a cikin zaren tsoka, da ɗan kumburin da jiki ke yi wajen gyara su. Ya fi tsanani bayan gudun gangara, ko ranar da aka ƙara nisa fiye da yadda ƙafa ta saba. Maganar da ake yawan yi a filin atisaye cewa sinadarin laktik ne ya taru a ƙafa ba haka take ba, domin wannan cikin kamar awa ɗaya bayan gudu yake komawa daidai. Ruwan sanyi yana tsuke jijiyoyin jini na fata da tsoka, yana rage saurin saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa, nauyin ruwan kuma yana matse ƙafa ya mayar da ruwan jiki sama. A 2012 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan mutum 366, aka ga waɗanda suka shiga ruwan sanyi sun fi waɗanda suka zauna kawai samun sauƙin tsami a kwanakin da suka biyo. Wato ciwon ne ke sauka. Warkewar tsokar kanta tana nan a hannun barci da abinci.

Sanyin da ake nema shi ne digiri 11 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyos, tsawon minti 10 zuwa 15. Babu wata riba a sauka ƙasa da digiri 10, sai ƙarin wahala da haɗari. Mai farawa ya tsaya a digiri 15, minti 5, ya riƙa ƙara minti biyu kowane zama har ya kai 10 ko 12. Masu gudun dogon zango galibi sirara ne, ba kitsen da zai tare sanyi, saboda haka minti 10 ya ishe su.

Ka gama gudu, kada ka faɗa ciki kana haki. Yi tafiyar minti 10 har numfashi ya dawo, ka sha ruwa, ka ɗauraye gumi da ƙurar ƙafa. Ka shiga cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da gamawa. Gajeren wando a jiki, riga mai kauri a sama idan hunturu ne, tunda iyakar ruwan cibiya ce. Ƙafa ce ta yi aikin, ba dalilin nutsar da ƙirji, kai kuwa ko kusa. Ƙafa ɗaya za ka fara sawa, sannan ɗayar, ka tsaya daƙiƙa 20 ko 30, sannan ka sauka sannu a hankali.

Minti ɗaya zuwa biyu na farko su ne masu wuya. Numfashi zai fizge, zuciya ta ƙara gudu, ka ji kamar ka fice. Haka jiki yake yi wa kowa idan sanyi ya bugi fata farat ɗaya, kuma yana lafawa. Ka ja iska ta hanci, ka fitar da ita ta baki a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. In ya lafa, ka riƙa ɗan motsa ƙafa, domin ruwan da ke manne da fata yana ɗumama ya zama kamar bargo. Agogo a gabanka, ba ƙiyasi ba, kuma da mutum a kusa.

Da ka fito ka goge jiki da tawul, ka sa busassun kaya da safa, ka ɗan zagaya tsakar gida, ka sha shayi ko kunu mai ɗumi. Zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci bayan fitowa, shi ya sa wani sai ya yi minti 10 a waje rawar ɗari ta kama shi. Kada ka hau babur nan take, ƙafa ba ta gama dawowa ba. Wanka da ruwan zafi a jinkirta shi kamar rabin awa.

Batun bokiti da randa, wanka ne mai daɗi, yana sauke zafin fata, amma ba shi ba ne. Ruwan da ka kwara da kofi daƙiƙa kaɗan yake yi a jiki ya wuce, bai isa ya sanyaya tsokar cinya ba, kuma babu matsin da nutsewa ke bayarwa.

Injiniyan Kakuri:

Koci ya gama da jiki, bari in ɗauki lissafin ƙanƙara, don a nan kuɗi ke salwanta. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kilo ɗaya na ƙanƙara yana sauke lita 100 na ruwa da kusan digiri ɗaya. Daga nan sai ka auna ruwanka ka ninka.

Duron roba mai cin lita 200 shi ne mafi sauƙin samu. Kada a cika shi, jikinka ma yana cin wuri. Jarka biyar masu lita 25 sun isa, ka ce lita 120 da ɗoriya, idan ka durƙusa a ciki ruwan zai kawo cibiya. To a ce ruwan yana digiri 27, kana son 15. Bambancin 12 ne, ka ninka da 1.2 tunda lita 120 ce ba 100 ba, ya ba ka kilo 15 ke nan a ƙiyasce. In digiri 12 kake so, kilo 18 zuwa 20. Hanya mafi sauƙi ta auna kilo ita ce fiya wata: kowace ƙwaya rabin lita ce, wato rabin kilo, jaka ɗaya mai ƙwaya 20 kilo 10 ce. Kilo 15 jaka ɗaya da rabi. Kada ka fasa su, ka jefa su da ledarsu, in an gama ka ɗauraye ka mayar firiza. Gorar roba mai lita ɗaya da rabi ma tana yi, amma a bar mata ɗan sarari a wuya don ruwa yana kumbura idan ya daskare, kuma ta fi jinkirin narkewa. Ƙanƙarar bulo ta masu sayar da kifi da lemo, a farfasa ta kamar girman dunƙulen hannu.

Yanayin Kaduna yana canja lissafin sosai. A Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a waje a buɗe cikin iskar hunturu yakan wayi gari kusa da digiri 20, wani lokaci ƙasa, sai ka ga ƙwaya 12 ta wadatar. A Maris da Afrilu kuwa, ruwan baƙin tankin da ke kan rufi yana iya haura 30 da yamma. Daga 33 zuwa 15 sai ka ba da kilo 23, ban da wanda rana za ta cinye. Saboda haka a bazara a ɗebi ruwa tun dare daga rijiya ko burtsatse, a ajiye duron a inuwa, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. Dabarar randa ce, iska na busar da buhun tana janye zafi.

A zuba ƙanƙarar minti 15 zuwa 20 kafin shiga, a juya da sanda, a auna a tsakiyar ruwan ba a sama ba. Ma'aunin zafi na asibiti ba ya wannan aikin, daga wajen digiri 32 yake fara karatu. A nemi na masu kiwon kifi ko na girki. Hannu ba ma'auni ba ne, a rana mai zafi ruwan digiri 22 ma sai ka rantse ƙanƙara ce.

Duron da aka taɓa zuba sinadari ko maganin feshi a ciki kada a yi amfani da shi ko an wanke, roba tana riƙe su. A goge bakin da aka yanke don kada ya yanki cinya. A kafa shi a ƙasa mai daidai, jikin bango, da benci mai ƙarfi a gefe, domin fitowa da ƙafar da ta yi sanyi ita ce inda ake faɗuwa. Wanda ke da babban baho da zai zauna ya miƙe ƙafa ya fi samun sauƙi, lita 80 zuwa 100 sun ishe shi. Masu mayar da tsohuwar firiza wurin wanka kuma, wallahi a zare filogi daga bango kafin a taɓa ruwan, kashe makunni kawai bai isa ba. In an gama a juye ruwan a shuka ko a yi wanki da shi. Duro cike a buɗe a tsakar gida haɗari ne ga ƙananan yara, kuma gidan sauro ne.

Ɗan Malali:

Na gode ƙwarai, Koci da Injiniya. To maganar manya fa, babu komai a cikinta? Kuma tunda yana ragewa, a riƙa yi bayan kowane gudu?

Sista Mai Jinya:

Ɗan'uwa, akwai wani abu a cikinta, kada mu yi watsi da ita gaba ɗaya. Ruwan sanyi ba ya shiga ƙashi, kuma ciwon namoniya da ake jingina wa sanyi ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Amma lokacin da jijiyoyin fata suka tsuke farat ɗaya, jini yana hawa, zuciya tana ƙara aiki, bugunta ma yana iya rikicewa. Ga lafiyayyen matashi wannan minti biyu ne ya wuce. Ga mai hawan jinin da bai san yana da shi ba, ko ya sani ya daina shan magani, abu ne da zai iya kai shi asibiti. Kuma hawan jini ba ya sallama, da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Duk wanda ya haura shekara 40, ko akwai ciwon zuciya a gidansu, ya auna jininsa kafin ya fara. In awo yana nuna 140 bisa 90 ko sama a kai a kai, sai likita ya duba tukuna.

Wanda na fi damuwa da shi a ƙasarmu shi ne mai sikila, SS ko SC. Sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, ga kuma ƙarancin ruwa bayan gumi. Wannan kada ya shiga ko na minti ɗaya, kuma kociyoyin da ke horar da yara a makarantu da ƙungiyoyin unguwa su tambaya kafin su jera yara a bakin duro. Haka mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara rasa ji, wanda sanyi ke tayar wa asma ko borin jini, wanda yatsunsa ke yin fari fat su yi zogi in ya taɓa sanyi, mai juna biyu, da mai buɗaɗɗen rauni. Mai zazzaɓi ma ya haƙura. Ciwon gaɓoɓi da ciwon kai da jin sanyi bayan gudu, musamman da damina, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, gwaji yake buƙata.

A cikin ruwan, a fito nan da nan idan an ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi lafawa bayan minti uku, ko leɓe ya canja launi, ko magana ta fara sarƙewa. Kada a bar ƙanƙara ta manne da fata wuri ɗaya, tana ƙuna kamar wuta.

Akwai ciwon da ba tsami ba ne, sanyi kuma ɓoye shi zai yi. Tsami yana kama ƙafa biyu, a faɗin tsoka, yana sauƙi in an fara tafiya. Ciwon da za ka nuna da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko tafin ƙafa, yana ƙaruwa da gudu, zai iya zama tsagewar ƙashi. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi, ko agara da ke ciwo duk safiya, a kai wa likita. Fitsari mai launin baƙin shayi tare da matsanancin ciwon tsoka alama ce tsoka ta lalace har tana barazana ga ƙoda, asibiti ne a ranar. Kuma a daina haɗiyar ibuprofen da diclofenac bayan dogon gudu jiki ba ruwa, ƙoda ce ke biya.

Wuri ɗaya da maganar manya take cutarwa shi ne bugun zafi. Mai gudu a rana ya fara tangaɗi, yana sambatu ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi jiki zau, wannan zafin cikinsa ya haura digiri 40. A nan ruwan sanyi shi ne magani, kuma gaggawa ake yi. A cire masa kaya masu nauyi, a sa shi cikin ruwa mai ƙanƙara har wuya, mutum ɗaya ya riƙe kansa a sama, ana juya ruwan. In babu duro, a kwantar da shi a inuwa a yi ta kwara ruwa ana fifita, da jiƙaƙƙun tawul masu sanyi ana canjawa. Ana so zafin ya sauko cikin rabin awa, sannan a wuce asibiti, a aika neman mota tun ana sanyayawa. Farasitamol ba ya aiki a nan, kuma wanda hankalinsa bai dawo ba ba a ɗura masa ruwa a baki.

Don Allah kada wani ya ce zai yi wannan a kogin Kaduna. Ruwan bai kai sanyin da ake nema ba, da damina yana da ƙarfin ja, ga haɗarin tsagiya.

Malamin Motsa Jiki:

Malam Ɗan Malali, amsar tambayarka ta biyu a'a ce, kuma ni ina ganin ana zuzuta abin fiye da ƙima. Ɗan kumburin nan da muke ƙoƙarin kashewa yana cikin saƙon da ke sa tsoka ta ginu. A 2015 masu bincike a Ostareliya suka sa maza 21 atisayen ƙarfin ƙafa sau biyu a mako har mako 12. Rabi suna shiga ruwan digiri 10 na minti 10 bayan kowane zama, rabi suna tuƙa keke a hankali. Masu keken suka fi samun girman tsoka da ƙarfi. Saboda haka ranar da ka ɗaga ƙarfe ko ka yi tsugunne da nauyi, kada ka shiga. Ga juriyar dogon gudu ba a ga irin wannan illar a fili ba, to amma mai gudu ma yana buƙatar ƙarfin cinya da ƙugu don kare gwiwarsa.

Wani gwajin kuma na 2014 ya sa wasu cikin ruwa mai ɗumi, aka gaya musu an zuba wani sinadarin farfaɗo da jiki, alhali sabulun wanka ne kawai. Suka farfaɗo daidai da waɗanda suka shiga ruwan sanyi. Wato wani kaso na amfanin daga yarda yake zuwa. Ban ce a raina wannan ba, wanda ya ji ƙafarsa sakayau zai fi yin atisaye mai kyau gobe. Amma ya kamata mai sayen ƙanƙara kilo 20 ya san haka.

'Yan ƙwallon da kake gani suna buga wasa duk bayan kwana uku, dole su tashi da wuri. Kai ma inda ya dace ke nan: bayan tsere, bayan dogon zangon Asabar idan ya yi tsanani, gasar kwana biyu ko uku a filin wasa na Ahmadu Bello inda za a yi zagayen share fage yau a yi na ƙarshe gobe, ko ranar bazara da aka dawo jiki ya ɗau zafi. Sau ɗaya a mako, in ya yi yawa biyu. Gudun kilomita 10 na tsakiyar mako ba ya buƙata.

Sannan tsamin da ke kaiwa Litinin kowane mako yana nuna wani abu a tsarin. Kilomita 30 a kwana uku, sai 20 a rana ɗaya, wato kashi 40 cikin 100 na gudun mako a zama guda, ya yi nauyi. Ka mayar da Asabar 15 ko 16 na 'yan makonni, ka rage sauri har ka iya hira kana gudu, ka riƙa ƙara kilomita ɗaya ko biyu, kowane mako na huɗu kuma ka sassauta. Ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa, kowane kilo da ya ragu ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awanni, da ɗan gishiri a abinci ko ruwan gishiri da suga. Cikin awa ɗaya ka ci abinci mai sitaci da furotin giram 20 zuwa 30. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, to ƙwai uku da burodi da shayi mai madara, ko shinkafa da wake da kifi, ko fura da nono da ƙosai. Barci awa 7 zuwa 9, kuma tunda ana tashi asuba, da wuri za a kwanta. Ranar Lahadi tafiyar minti 30 ko keke a hankali.

Kocin Tsere:

Na yarda da Malam a kan ranar ɗaga ƙarfe da rage zangon Asabar. Ƙari ɗaya: masu son gasa ƙafa da ruwan zafi da man zafi su bari sai washegari, a ranar gudun zafi yana ƙara kumburi, kuma kada a shafa man zafi sannan a shiga duro, raɗaɗin ba kaɗan ba ne. Idan ƙungiya ce ke amfani da duro ɗaya, kowa ya yi wanka da sabulu tukuna, mai makero ko ƙuraje ya tsaya a waje, a sake aunawa bayan kowane mutum biyu a ƙara ƙwaya huɗu ko biyar, domin kowane jiki yana ƙara wa ruwan ɗumi.

Ɗan Malali, Asabar mai zuwa ka gwada digiri 15, minti 5, bayan ka auna jininka kamar yadda Sista ta ce. Ka ba tsamin maki daga 1 zuwa 10 da safiyar Lahadi da ta Litinin, lokacin da kake sauka daga matakala ko kake durƙusawa. Mako mai bi ka yi zango iri ɗaya ba tare da ruwan ba, ka sake rubutawa. Ka yi haka sau biyu-biyu ka kawo mana lambobin nan.